Dorothée, mawaƙiyar da ta jingina sana'arta da yara

A gidan kawuna da ke Birnin Ƙonni na fara jin muryar Dorothée, lokacin da muke tashi daga Sakkwato mu tsallaka iyaka ta Illela domin hutun makaranta. Yana da wani tsohon kaset da ya zo da shi daga Faransa inda ya yi karatu, hoton bangonsa ya koɗe, kuma idan zaren ya sarƙe sai ya zura biro ya juya shi a hankali. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wace ce wannan?" Ya ce, "Ɗana, wagga ita ta uwar goyon ɗiyan Faransa." Sai da na girma na gane cewa ba zolayata yake yi ba.

Sunanta na yanka Frédérique Hoschedé, an haife ta a birnin Paris a 1953. Tana da shekara 20 Jacqueline Joubert, wadda daga baya ta riƙe sashen shirye-shiryen yara a tashar Antenne 2, ta shigar da ita talabijin, kuma daga 1978 ta zama fuskar shirin yara na Récré A2. Fim ma ya buɗe mata ƙofa, domin François Truffaut, ɗaya daga cikin manyan masu ba da umarni na ƙasar, ya sa ta a fim ɗinsa na 1979, amma ba ta daɗe a wannan hanya ba. A ganina wannan shi ne zaɓin da ya yanke mata makoma, domin ta bar manyan 'yan kallo ta rungumi ƙanana.

A 1987 ta koma TF1, tashar da gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a shekarar, inda ta buɗe shirin Club Dorothée tare da kamfanin AB Productions. Ƙarfin shirin yana ranar Laraba, ranar da a lokacin yaran firamare a Faransa ba sa zuwa makaranta, kamar yadda almajiranmu na makarantar allo ke hutawa Alhamis da Juma'a. Ta mallaki wannan rana tun daga safe, tana gabatarwa, tana waƙa, tana wasan barkwanci, talabijin yana sayar mata da faifai, faifan kuma yana cika mata babban zauren Bercy da ke Paris a kai a kai. Ta wannan shiri ne yaran Faransa suka san zane-zanen Japan masu motsi irin su Dragon Ball, abin da ya jawo mata suka daga iyaye da 'yan siyasa, ciki har da Ségolène Royal, waɗanda suka ce duka da zubar da jini sun yi yawa a idon yaro. Ban ga laifin iyayen ba, ko da yake ba ita kaɗai ke zaɓen abin da ake nunawa ba.

Mai yi wa yara waƙa yana da matsala guda, wato masu sauraronsa girma suke yi su wuce. A watan Agusta na 1997 tashar ta rufe shirin bayan shekara 10, sai aka daina ganinta kusan gaba ɗaya. Da ta dawo dandali a zauren Olympia a 2010, waɗanda suka cika kujerun magidanta ne da matan aure, yaranta na ranar Laraba, suna rera baitocin tare da ita ba tare da an tuna musu ba.