Littafin bashinmu yana Turai ranar da wayoyin teku suka tsinke

Ni ne ke kula da ɓangaren kwamfuta a kasuwancin kawuna, wanda ke sayar da shinkafa da sukari da man girki da fulawa a kan sari. Babban sitonmu yana Aboabo cikin Kumasi, muna da shago kusa da Kejetia, sannan akwai reshe a Nima cikin Accra. Duk wanda ya tambaye ni yanzu ko ya ajiye rumbun bayanan kasuwancinsa a kan injinsa, ko kuwa ya kama haya a gajimare inda kamfani zai riƙa kula masa da shi, kafin mu taɓa maganar farashi sai na fara tambayarsa abin da zai faru a bakin kantarsa idan intanet ya ɗauke kwana da kwanaki, alhali ga masu saye tsaye da kuɗi a hannu. Na gwada hanyoyin duka biyu, kuma wannan ita ce tambayar da babu wanda ya yi mini lokacin da muke shawarar ƙaura.

Tun asali PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, muke amfani da shi, a kan wata kwamfuta da ke ɗakin bayan ofis. A cikinsa, teburin kaya, wato jerin bayanansu, da na abokan ciniki da na rasit da na bashi duk suna ɗaure da juna, yadda ba zai yiwu a rubuta wa mutum buhu goma ba tare da an cire su daga lissafin sito an kuma ƙara su a kan bashinsa a lokaci guda ba. Wannan ɗauri shi ne ran sana'armu, domin kusan rabin cinikinmu bashi ne: mai kanti ta ɗauki kaya yau, ta biya idan ta sayar, kuma kowa yana da iyakar da ba a bari ya wuce. Wahalar riƙe injin kuwa, duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, musamman 2014 da 2015, ya san ta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga batir da ke mutuwa ba sallama, ga kuma babbar damuwa, wato ni kaɗai na san yadda ake tayar da injin idan ya faɗi. Ko ɗaurin aure zan je Tamale, hankalina yana ɗakin bayan ofis.

Da reshen Nima ya kankama, sai buƙatar littafi guda ɗaya da kowa zai gani ta taso, shi ya sa a farkon 2022 muka mayar da komai zuwa rumbun haya a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gajimare, a cibiyarsu ta Turai. Babu ɗaya daga cikin Amazon da Microsoft da Google da ke da cikakkiyar cibiyar gajimare a Ghana. Mafi kusa a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu, inda Microsoft ya buɗe a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Ƙaurar ta tafi lafiya, kuma ba zan ɓoye daɗin da na ji ba. Su ke ɗaukar kwafin ajiya kullum, su ke toshe kafofin tsaro, idan wani ya goge abu bisa kuskure ana iya mayar da rumbun yadda yake mintuna kaɗan kafin kuskuren, kuma a Amazon RDS, rumbun haya na Amazon, alal misali, ana iya riƙe irin wannan kwafi har kwana 35. Mun ma ƙara kuɗi aka yi mana rumbu na biyu a wani gini daban wanda zai karɓi aiki nan take idan na farko ya faɗi, abin da ke kusan ninka kuɗin haya.

Abin da ya fara taɓa mu shi ne dala. Da dala ake biyan hayar, mu kuwa da sidi muke ciniki. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 14 a wurin masu canji, don haka ba tare da mun ƙara ko layi ɗaya na aiki ba, abin da muke biya ya ninka har da ɗoriya. Kwamfutar da ka saya ka ajiye a ofis, ka biya ta sau ɗaya a farashin ranar, faɗuwar sidi ba ta sake binka bashi sai ranar sayen sabuwa. Haya kuwa kowane wata sai ta tuna maka farashin canji. Duk da haka na shawo kan Kawu muka haƙura, na rage girman injin hayar, na goge tsofaffin kwafi da ake cajin mu a kansu, muka ci gaba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Cote d'Ivoire, kuma Ghana tana cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. Duk mai sayar da kayan masarufi a Zongo ya san abin da farkon azumi yake nufi. Tun da hantsi aboboyaa, wato babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, sun yi layi a bakin sito, masu kantuna sun zo ɗaukar sukari da mai, yaron da ke kan kwamfutar rasit ya danna sunan mutum, ɗan da'irar nan yana ta juyawa a kan allo, ba ya gaba ba ya baya. Na sauya layi, na haɗa da wayata, na karɓi ta wani, duk kanwar ja ce. Da wani lokaci hanya ta ɗan buɗu na samu na leƙa shafin kamfanin, sai na tarar komai kore shar: rumbu lafiya, rumbu na biyu lafiya, kwafin daren jiya ya kammala. Gaskiya suka faɗa, babu abin da ya same su. Alkawarin da irin waɗannan kamfanoni ke yi na cewa rumbu zai kasance a kunne kashi 99.95 cikin ɗari na lokaci, daga bakin ƙofarsu ake auna shi, abin da ke tsakanin ƙofarsu da Aboabo ba ya cikin yarjejeniya. Rumbu na biyun da muka ninka kuɗi a kansa, shi ma yana can ƙetaren teku guda da na farko.

Kawu ya shigo ofis ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ɗana, kayana ga su nan, masu saye ga su nan, wuta ma akwai. To me ya hana a sayar?" Na ce, "Kawu, littafin ne ba mu iya kaiwa gare shi." Ya tambaye ni inda littafin yake, na ce yana Turai. Bai ƙara cewa komai ba, sai ya sa aka buɗe tsohuwar kabad aka ciro manyan littattafan nan masu jan bango da muka daina amfani da su shekaru, aka raba wa yara biro.

Sayar da kaya a takarda ba shi ne asarar ba, don iyayenmu da haka suka gina kasuwar. Asarar ita ce ba mu san wa ake bi nawa ba. Mace za ta zo ta ce saura kaɗan ta gama biya, kuma wata ƙila gaskiyarta ne a yadda take tunawa, mu kuwa babu abin da za mu duba. A cikin azumi, ga ta abokiyar ciniki ta shekara da shekaru, wa zai iya ce mata ta koma hannu rabbana? Haka aka riƙa ba da kaya ga mutanen da tuni sun wuce iyakarsu. Shagon Kejetia ya yi alkawarin sukarin da sito ya riga ya sayar, Nima kuma suna ta kiran waya a karanta musu farashi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta sanar cewa gyaran wayoyin zai ɗauki aƙalla mako biyar, kuma ko da yake hanya ta fara samuwa kafin nan ta wasu wayoyin, tana zuwa ne tana ɗaukewa, wanda a wajen rumbu irin namu ya fi ɗaukewa gaba ɗaya ɓarna: yaro zai danna ya adana rasit, allo ya tsaya, bai sani ba ko ya shiga ko bai shiga ba, ya sake dannawa, bashi ya hau kan mutum sau biyu. Sai bayan ƙaramar Sallah muka gama daidaita takardu da kwamfuta, kuma akwai bashin da aka bayar a makon nan wanda har yau ba mu karɓo ba. Idan na haɗa shi da cinikin da ya wuce mu, ya fi kuɗin kwamfuta mai kyau da inbata da batura nesa ba kusa ba, kuma wannan lissafin ne har yanzu yake ci mini rai.

Da ƙura ta lafa, Kawu so ya yi a dawo da komai gida a rufe maganar gajimare. A nan kam ban goyi bayansa ba, kuma dalilina gobara ce. Sabuwar kasuwar Kejetia ta kama da wuta a Maris 2023, sannan daga baya muka ga abin da ya faru a Kantamanto cikin Accra da kuma Adum cikin Kumasi a 2025. Kwamfutar da ke ɗakin bayan ofis tare da kwafinta a aljihun tebur, dare ɗaya ya ishe su, kuma ɗan kasuwar da littafin bashinsa ya ƙone ya yi asara sau biyu.

Abin da muka tsaya a kai shi ne kowane wurin ciniki yana da ƙaramar kwamfutarsa mai ɗauke da PostgreSQL, a kan inbata, kuma a kanta ake yanka rasit ana duba bashi ko da intanet ko babu. Daga nan take tura duk abin da ya sauya zuwa rumbun haya, wanda yanzu aikinsa shi ne haɗa lissafin rassa da riƙe kwafi a nesa, don haka muka mayar da shi ƙarami muka kuma soke na biyun. PostgreSQL yana da wannan tsari na tura sauye-sauyen teburi zuwa wani rumbu tun fitowarsa ta 10 a 2017, amma kada kowa ya ɗauka abu ne na danna maɓalli a tafi. Tsarin ba ya kwashe sauyin fasalin teburi, don haka idan ka ƙara shafi a teburi sai ka bi kowane rumbu ka ƙara da hannunka. Ba ya kuma kwashe ma'aunin da ke ba da lambar rasit, shi ya sa muka ba kowane reshe harafinsa a gaban lamba don kada rasit biyu su yi karo. Abin da ya fi haɗari shi ne idan hanya ta ɗauke, kwamfutar gida tana tara duk sauye-sauyen da ba ta samu ta tura ba, kuma idan ba a sa mata iyaka ba za ta cika faifanta ta tsaya cik, wato abin da ka gina don ranar ɗaukewar intanet shi ne zai kashe ka a ranar. Tun fitowa ta 13 akwai inda ake sa wannan iyaka, kuma ya kamata mutum ya bar faifai da sarari mai yawa yana tuna mako biyar ɗin nan.

Nauyin da na gudu a 2022 ya dawo kaina, ban musa ba. Kowace babbar fitowar PostgreSQL shekara biyar ake kula da ita, daga nan sai ka ɗaga zuwa sabuwa, kuma yanzu injuna uku zan ɗaga maimakon kamfani ya yi mini. Kowane wata nakan ɗauki kwafi in tayar da shi a wata kwamfuta dabam in tabbatar jimillar bashi ta yi daidai, don kwafin da ba a taɓa tayarwa ba ban yarda da shi ba. Na kuma koyar da 'yar ƙanwata da ke riƙe da lissafi yadda ake kashe injin da tayar da shi, muka rubuta matakan a takarda muka manna a bango. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wadda aka fi sani da lamba 843: sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu da bashin da ake binsu amana ce a wuyan mai kasuwanci, ko a Aboabo ya ajiye su ko a Turai, kuma injin da ke ofis yana buƙatar kulle da kalmar sirri ga kowane ma'aikaci, ba guda ɗaya da kowa ya haddace ba.

Wani abokina a Accra da ke sayar da sutura ta intanet, ana biyansa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya zo neman shawara bayan ya ji labarinmu, yana shirin sayen injin kansa. Na hana shi. Ranar da intanet ya ɗauke shi ma masu sayensa sun ɗauke, babu wanda zai tsaya masa a ƙofa da aboboyaa, kuma ba shi da wanda zai kwana yana gadin kwamfuta, don haka rumbun haya ne daidai da shi, ya dai riƙa lissafa hayar da dala yana ware mata rara, ya kuma san cewa ana cajin kuɗi a kan bayanan da ke fita daga gajimare. Mai sito irin namu, ko mai kantin magani, ko mai gidan mai, wanda cinikinsa ido da ido ne kuma rabinsa bashi, shi nake ce wa ya gwada abu ɗaya kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniya: ya zaɓi ranar kasuwa, ya zare wayar intanet daga bango da hantsi, ya ga ko yaransa za su iya gaya wa abokiyar ciniki nawa ake binta kafin azahar. Mu yanzu muna yin wannan gwaji kowace shekara cikin watan Sha'aban, Kawu da kansa yake zare wayar.