Yadda nake ɗura zoɓona a gora ba tare da ya juya ba

Dafa zoɓo kowa ya iya, wajen ɗurawa da ajiya ake gane mai sana'a. Duk abin da aka sa wa sukari aka toshe a gora aka barshi cikin zafin Kano zai fara tsami, gorar ta kumbura, kina buɗewa kiji tace fuss kumfa ta taso, to ya kama hanyar zama giya kenan, ni kuwa wallahi bazan sayar wa mutum abin da nake kokwanto a kansa ba.

Zoɓon Jigawa nake saye a Dawanau, mai duhun nan, in ɗauraye yashin in dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukarin ma tun yana kan wuta nake zubawa ya tafasa tare. Goggota da ta koya min bata yarda a ɗura ba'a tace sau biyu ba, da rariya sannan da farin ƙyalle, tace gudajin da ke kwanciya a ƙasan gora su ke fara ɓata shi. Allah ya jiƙanta, tafin hannunta kullum jawur, mu yara muna tsugune a tsakar gida muna jiran ragowar roba, in ka tsoma kofin da ka sha a ciki ranar sai kunnenka ya faɗa maka.

Gorata sabuwa ce dal mai murfin da ba'a taɓa ɓallewa ba, duk da haka sai na wanke na kife ta bushe. Sai ya huce nake ɗurawa dan zafi na lanƙwasa roba, kuma bana cikawa har baki saboda in ya ƙanƙare ƙaruwa yake ya tsaga gorar. Daga nan sai firiza, ranar da ba wuta in sayo ƙanƙara in jera a kula, kowace gora da kwanan watan da aka yi ta.

Abin da ke min ciwo masu sayen gorunan da aka tsinto a bola da wajen biki, a ɗan jijjiga da ruwa a zuba kala da zaƙi, sai kwastoma tazo tana cewa Hajiya ai na wance yafi araha. Ki tambayeta bakin mutum nawa gorar ta shiga kafin naki.

Masu biki da suna dan Allah ku dinga sanar dani da wuri, musamman in harda kunun aya, shi baya jure ajiya, ranar sha nake yinsa.