Yadda muka kwashe ƙasar gidan batir a unguwarmu

Filin yana tsakanin makarantar allo da layin masu amalanken jaki, a unguwarmu da ke kudancin Khartum, wajen Mayo. Shekara da shekaru ana fasa tsofaffin baturan mota a wurin: a sare batir da gatari, a tuntsurar da ruwansa a ƙasa, a zare farantan dalma a narka a rabin ganga, a kai kasuwa. Da masu sana'ar suka tashi, sai suka bar mana ƙasa ruwan toka wadda ko ciyawa ba ta tsira a kanta. Yara kuwa suka samu wurin ƙwallo.

Daminar 2020, wadda Nilu ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, ita ta tona asiri. Ruwan sama ya kwanta a filin, ya kwaso laka ya shigar da ita gidajen da ke gangare. Bayan ɗaukewar ruwa yara suka fara ciwon ciki da kasala, wani ya yi jijjiga. Likitan da ya duba shi ne ya tambaya ko akwai masu narka dalma kusa da mu.

Ni ne magatakardan kwamitin unguwa, don haka zirga-zirgar ofis ta faɗo kaina. Sudan tana da dokar kare muhalli tun 2001, amma doka ba ta zuwa da tifa. Duk teburin da na je tambaya ɗaya ce: filin na wane ne? Wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara, in ji su, alhali masu ɓatawar sun watse. Wani dattijonmu da ya yi aikin masinja a kotu shi ya warware mana.

"Ɗana," ya ce, "tun dokar 1970, ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Ka rubuta musu cewa filinsu ne yake cutar da jikokinmu."

Na ce, "To Baba, idan suka ce mu ma a kan filinsu muke zaune fa?"

Ya yi dariya. "Wannan ai sun daɗe da sani."

Haka na rubuta, muka haɗa da sakamakon gwajin ƙasa da wani malamin jami'a ya yi mana kyauta. Wannan takardar gwaji ta fi duk koke-kokenmu nauyi, domin ma'aikaci yana iya kawar da kai daga kukan uwa, amma lamba a kan takarda mai hatimi sai ya nemi inda zai ajiye ta. Aka amince da kuɗi.

Sai dai kuɗin fam ne, fam kuwa yana narkewa. A Fabrairun 2021 babban banki ya mai da dala daga fam 55 zuwa kusan 375, hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 300 cikin ɗari. Kafin a saki abin da aka rubuta mana, ko gas ɗin motocin ba zai saya ba. Muka koma muka ce a riƙe kuɗin, a ba mu aron loda da tifa na ƙaramar hukuma da mansu, mu kuma mu kawo hannu. Abin mamaki, wannan ya fi musu sauƙin sa hannu.

Yadda za a yi aikin kuwa, daga Zamfara muka koya. Kowa ya ji labarin 2010, lokacin da dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayyar Najeriya ta saki kuɗin share ta, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su fara ba yaran garin magani ba sai da aka share, tunda yaron da aka wanke wa jini ya koma kan ƙasa mai guba an yi aikin banza. Shi ya sa muka fara da cikin gidaje, ba filin ba. A fitar da katifa da tabarma, a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare saman ƙasa kamar kaurin yatsa uku, a zuba a buhu, a kawo sabuwa a daɓe. Mata suka fi mu sanin inda za a kankare: gindin randa, bakin murhu, inuwar da ake ajiye mai rarrafe.

Inda na fi shan wuya shi ne makomar ƙasar da aka kwashe. A unguwar da ruwa ke kwanciya, ƙasar ciko kuɗi ce. Tifa ba ta bar layinmu ba sai ga mutane suna tare ta, wannan yana so ya ɗaga ƙofar gidansa, wancan zai buga tubali. Wata tsohuwa daga unguwar gaba ta riƙe ni da magiya: "Ɗan nan, shebur goma kawai, ɗakina ruwa ke shiga." Na yi mata bayani har na gaji, ta tafi tana ganin rowa ce. Direba kuma ba ya ƙin na cefane. Dole muka riƙa sa saurayi ɗaya a gaban kowace tifa, ya raka ta har ramin da hukuma ta ware a wajen gari, ya turo hoto ta WhatsApp kafin a sa hannu a takardar mai. Dalma ba ta ruɓewa. In ba a yi haka ba, mun ɗauke ta ne daga ƙarƙashin 'ya'yanmu mun kai wa na maƙwabta.

Gidajen mun gama su. Tsakiyar filin, inda gangunan narkawa suka zauna, gubar ta yi zurfin da aron loda ba zai iya ba, sai muka rufe da jar ƙasa da tsakuwa muna jiran kasafi na gaba. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, muka watse, ni yanzu ina Gadarif, a gabashin Sudan. Hotunan takardun gwajin da zanen filin suna cikin wayata, na kuma tura wa duk wanda na ji zai koma, tare da gargaɗin kada a haƙa masai ko a ɗebi ƙasar tubali daga bangon makarantar allo zuwa layin masu amalanke.