Kafin ka sa sifana a kafiretar MGB

MGB ɗin da nake haɗawa a garejina nan Ingila ƙirar 1969 ce, mai buɗaɗɗen sama, kuma yanzu aiki ya iso kan kafireta da layin mai, wanda gaskiya shi ne wurin da na fi jin daɗi a duk aikin motar nan. Ga wanda bai san motar ba, a Abingdon kusa da Oxford aka riƙa ƙera ta daga 1962 har 1980, injinta silinda huɗu ne mai cc 1798, kuma kafireta biyu ne a jikinsa samfurin SU HS4, ta gaba tana ciyar da silinda na 1 da na 2, ta baya tana ciyar da na 3 da na 4.

Mu da muka taso muna ganin Fijo 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna, Solex muka sani, mai jet-jet da yawa a ciki, wanda bakanike zai kwance ya wanke da fetur ya hure da baki ya mayar. To SU ba haka take ba sam. Jet ɗaya ne tak, da allura guda mai tsini da ke shiga cikinsa, allurar kuma tana maƙale a ƙasan wani fistin da ke cikin ƙoƙon nan mai kama da ƙararrawa da ake gani a sama. In ka taka totur injin ya ja iska sai fistin ya ɗaga, allura ta fito daga jet, hanyar mai ta ƙara faɗi, in ka saki ya sauko. Shi kenan fa. Saboda sauƙin nan ne ma nake jin takaici in na ga yadda mutane ke ɗora mata laifin da ba nata ba, mota ta ɗan yi tari kawai sai a kama notin jet, wanda ke daidaita yawan mai, a yi ta murɗawa sama da ƙasa har a ɓata saitin da yake lafiya lau, alhali matsalar tana can wajen wuta ko cikin tanki.

Ni dai ba na taɓa kafireta sai na gama da bawul da wuta. Gibin bawul inci 0.015 injin yana sanyi, kwantak ɗin cikin distiributa Lucas shi ma wajen 0.015, fulogi 0.025, sannan taimin da fitila, ba da kunne ba. Kwantak da ya cinye ko kwandensa mai mutuwa in ya ɗau zafi, wallahi alamunsu sak irin na ƙarancin mai ne, mota ta riƙa fizga a kan hanya tana harbi ta salansa, kai kuma ka rantse fetur ne bai isa ba.

Bayan wuta sai hanyar mai tun daga tanki. Motar nan ta daɗe a ajiye kafin ta zo hannuna, da na zuba ɗan man da ke cikin tankin a kwalba sai ga tsatsa ta kwanta a ƙasa jawur, ga warin tsohon fetur kamar fenti. Irin wannan tsatsar gari ce, tana wuce filta mai arha, ta je ta zauna a bakin ɗan bawul ɗin da ke tsayar da mai a kofin fulot, sai ya kasa rufewa, mai ya cika ya riƙa zuba ta bututun ambaliya. A MGB kuwa wannan ba abin wasa ba ne, domin manifol ɗin shiga da na hayaƙi gefe ɗaya suke, wato fetur yana zuba ne kusa da ƙarfe mai zafi. Sabon tanki na saka kawai. Akwai masu wanke tsohon su shafe cikinsa da wani ruwan roba, ban hana kowa ba, amma in rufin ya fara ɓarewa shi ma toshe layi yake yi, kuma tankin MGB ba wuyar samu yake ba.

Famfon man na lantarki ne, shi ma SU, yana can baya kusa da tayar dama. In ka murɗa makulli za ka ji yana ƙas ƙas ƙas da sauri, in kofuna suka cika sai ya lafa. Sautin nan labari yake ba ka. In bai yi ƙara ba sam, yawanci kwantak ɗin cikinsa ne ya maƙale, shi ya sa tsofaffin masu motar ke ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba ya farka, amma dabarar kai ka gida ce kawai ba gyara ba. In kuma ya ƙi yin shiru yana ta bugawa, to ko dai yana jan iska ta wani wuri, ko tanki ya ƙafe, ko mai yana zuba a gaba. Wani abin da nake gani da yawa shi ne mutum ya cire shi ya saka famfon zamani mai ƙarfi yana ganin ya yi gyara, alhali SU ba ta son matsin da ya wuce kamar psi 3, in ya fi haka sai ya rinjayi bawul ɗin fulot, mota ta dawo tana shan mai tana baƙin hayaƙi.

Sai maganar man kansa. Tun watan Satumba 2021 man da ake sayarwa a matsayin na yau da kullum a Birtaniya ya koma E10, mai etanol har kashi 10 cikin ɗari, shi kuma etanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan danshi in mota ta daɗe a tsaye, ga shi motoci irin waɗannan duk lokacin sanyi a gareji suke kwana. Duk tiyon mai na canza zuwa mai lambar R9, wato mai jure etanol, kuma E5, mai etanol har kashi 5, nake sha duk da ya fi tsada. Ga kuma farantin nan da ke tsakanin kafireta da manifol ɗin hayaƙi mai tare zafi, kar ka yarda ka haɗa injin babu shi, ko kuma abin tare zafin da ke bayansa ya zube, in ba haka ba ranar da aka yi zafi ka tsaya a go-sulo mai zai tafasa a kofi, mota ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce.

Abu na ƙarshe kafin saiti shi ne iskar sata. Sandar da ke juya farantin totur tana cin ramin da take ciki bayan shekaru hamsin da wani abu, iska ta riƙa shiga ta gefe, silo ya ƙi zama wuri ɗaya, yau sama gobe ƙasa. Ka kama sandar ka girgiza, in tana wasa, ko ka fesa maganin wanke kafireta a wurin ka ji sautin injin ya canza, to babu saitin da zai zauna sai an sa mata sabon bushi. Kamfanin Burlen da ke Salisbury har yanzu suna yin SU da kayan gyaranta, don haka ba a rasa komai.

To yanzu ne za a zo kan saitin. A cire filtar iska, a ɗaga kowane fistin da yatsa a sake shi, ya kamata ya sauko sumul ya buga ƙasa da ɗan sauti ƙwas, in ya tsaya a hanya to jet bai zauna a tsakiya ba ko allura ta lanƙwashe. A zuba man inji mara kauri, SAE 20, a bututun saman ƙoƙon. Mutane suna raina man nan amma shi ke hana fistin zabura in ka taka totur farat ɗaya, jinkirin nan kuma shi ke sa mai ya ɗan ƙaru a daidai lokacin da injin ke nema, in babu shi sai ka ji mota ta yi jim kafin ta ɗauka. Daga nan a murɗa notin jet sama har jet ya yi daidai da gada, wato ɗan tudun da ke cikin maƙogwaron kafireta inda jet ke leƙowa, sannan a dawo da shi ƙasa zagaye biyu cif, wato fuska 12 na notin, duka kafireta biyun. A tada injin ya yi zafi sosai, cok a rufe gaba ɗaya.

Daidaita iskar su biyun shi ne inda nake daɗewa. Ana sassauta maɗaurin da ya haɗa totur ɗinsu don kowacce ta tsaya da kanta, sai a ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne ɗaya a bakin kafireta, a saurari shuuu ɗin ta gaba a saurari na ta baya, a riƙa taɓa sukurun silo har sautin ya zama ɗaya, injin kuma yana juyi wajen 750 zuwa 800. Akwai na'urar awo da ake kifawa a bakin, ina da ita, amma kunne in ya saba ba ya nisa da abin da take nunawa, sai dai dole bakin tiyon ya zauna a wuri iri ɗaya a kowacce.

Sannan yawan mai. A ƙarƙashin kowace kafireta akwai ɗan fil da ake turawa ya ɗaga fistin kaɗan, kamar milimita ɗaya bai cika ba. In ka ɗaga injin ya ƙara gudu ya zauna a haka, mai ya yi yawa, a murɗa noti sama. In ya yi kamar zai mutu, mai ya yi kaɗan, a sauko da shi. In ya ɗan ɗaga sannan ya dawo inda yake, nan ne daidai. Fuska ɗaya-ɗaya ake juyawa ba zagaye ba, kuma in ka taɓa ta gaba sai ka koma ka duba ta baya don akwai bututun da ya haɗa su a manifol, abin da ka yi wa ɗaya yana shafar ɗayar. Lokaci-lokaci a ɗan ba injin wuta ya share maƙogwaro kafin a ci gaba.

Wasu abokai a nan suna ta ba ni shawara in cire kafiretocin SU ɗin in saka kafireta Weber 45 DCOE guda ɗaya. Na san tana da daɗin ƙara kuma a injin tsere tana da amfaninta, amma a injin da ba a taɓa kam ɗinsa (sandar da ke buɗe bawul) ko kan silindarsa ba ban ga abin da za ta ƙara min ba sai shan mai da kuɗin jet, don haka SU ɗina suna nan. Abin da ya rage min yanzu shi ne in fita da ita babban titi ta yi tafiya mai ɗan nisa, in dawo in cire fulogi huɗun in jera su, ina neman launin ƙasa-ƙasa a dukkansu, in na 1 da na 2 suka bambanta da na 3 da na 4 to na san wacce zan koma wa.