Daga Maraɗi zuwa Jidda: yadda tafiyarmu ta Umra ta kasance ni da Inna

Tsakanin Yamai da Jidda kusan kilomita 4,000 ne in an miƙe ta sama, kuma jirgin da bai tsaya ko'ina ba yana cinye su cikin abin da bai kai awa shida ba. Wannan lissafin mutanen Yamai ne. Mu 'yan Maraɗi, kafin mu ga ƙofar filin jirgin Diori Hamani sai mun sha wajen kilomita 660 a mota, ta Ƙonni, Dogondutsi da Doso. Da asuba muka bar tasha ni da Inna, ba mu shiga Yamai ba sai bayan la'asar, ƙafafunta duk sun kumbura. Ga shi yamma muka yi ta nausawa alhali Makka tana gabas, sai jirgi ya sake dawo da mu ta inda muka fito.

Kano ta fi kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ba ta kai rabin hanyar Yamai ba. Na so mu bi can, amma kamfanin da ya yi mana biza a Yamai yake tara mutanensa.

Jirginmu ta Addis Ababa ya bi. Yamai zuwa Addis ita ma kusan kilomita 4,000 ce, daga nan zuwa Jidda kuma wajen 1,400, awa biyu da 'yan kai. Abin da ya fi rikita abokan tafiyarmu shi ne lokutan da ke jikin tikiti, domin kowane lokaci da agogon garin da aka rubuta yake. Habasha da Saudiyya duka suna gaban Nijar da awa biyu. In an rubuta tashi ƙarfe 12 na rana, sauka ƙarfe 8 na dare, zaman awa shida za ka yi, ba takwas ba. A dawowa kuma sai ka ƙara biyun nan a kan abin da ka gani. Inna ta dubi agogon hannunta ta ce, "Kai ɗan nan, ya aka yi duhu ya shigo tun yanzu?" Na ce, "Inna, gabas muke yi, ranar can ta riga tamu faɗuwa." Nan take ta sa na juya mata agogon saboda sallah da maganinta na hawan jini.

Kada kuma ka kafe a kan awannin da wani alhaji ya faɗa maka shekarun baya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ma ya tashi.

A filin jirgin Bole da ke Addis na ɗaura harami, saboda mai zuwa daga kudu yana ƙetare miƙatin Yalamlam ne tun yana sama, kuma banɗakin jirgi ba wurin canza kaya ba ne.

Abu biyu ne suka taimaki Inna: mun kwana a Yamai ta huta kafin ranar tashi, kuma tun wajen yankan tikiti na nema mata keken tura marasa ƙarfi. A Addis da Jidda duka ma'aikaci ya tarye ta a bakin jirgi, ba ta tsaya dogon layin duba fasfo ba.