Shekarar da na so in kammala littafina

Waɗanda muka zauna ɗakin marubuta tare sun riga sun ji cewa ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Wasu sun tambaye ni dalili. Wasu sun sani sarai amma sun kama bakinsu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Tunda shekara ta zo ƙarshe, na ga ya dace in rubuta abin da ta koya mini, ko don yaran da ke shigowa aikin da zafinsu.

Buri ɗaya na ɗauka a farkon shekarar nan, shi ne in kammala littafina. Da rana ina rubuta wa kamfani wasan kwaikwayo mai dogon zango, da dare in koma kan nawa. Labarin wata mai jinya ce da ke karanta wa wani tsoho makaho wasiƙun ɗansa, tana sauya abin da ke ciki saboda maganganun ɗan masu ɗaci ne. Sai can kusa da ƙarshe ake gane cewa tsohon ya san ƙarya take yi masa tun daga wasiƙar farko, ya ƙyale ta ne don ya fi son ɗan da ta ƙirƙira masa. Na daɗe ina rainon labarin nan a zuciyata kafin in ɗora alƙalami a kansa.

Shugaban marubutanmu ya ji ina ba wani abokin aiki labarin, ya ce in turo masa ya duba mini. Mutum ne da ya girme ni a shekaru da sana'a, kuma shi ya ɗauke ni aiki. Na tura masa babukan da na gama tare da tsarin sauran. Ya yi shiru. Da na tuna masa sai ya ce aiki ya yi masa yawa, in ƙara haƙuri.

Ranar da aka raba mana tsarin sabon zango, ina cikin karantawa na ji hannuna ya yi sanyi. An mayar da tsohon tsohuwa, mai jinyar ta koma 'yar maƙwabta, amma ga wasiƙun nan, ga ƙaryar, ga asirin da ke tonuwa a ƙarshe. Har wurin da yarinyar take tsayawa a tsakiyar karatu ta yi gyaran murya kafin ta ƙirƙiro jimla, yana nan. Bayan an tashi na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai labarina ne." Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Malam, tunani ba shi da ubangida. Kai ma ai a nan ka koyi rubutu." Sannan ya ce tunda na fi kowa sanin labarin, ni zan rubuta kashin da asirin ke tonuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na kai maganar gaban wata lauya, sai ta nuna mini cewa a rabin farko na maganarsa doka tana bayansa. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta ba marubuci haƙƙin mallakar aikinsa ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan tsawon ransa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Amma abin da ake karewa shi ne yadda ka zuba labarin, wato jimlolinka da hirarrakinka da ginin da ka yi masa. Tunanin da ke ƙasa kuwa, yarjejeniyar kasuwanci ta duniya da ake kira TRIPS, ta 1994, ta faɗa ƙarara cewa haƙƙin mallaka bai hau kansa ba. Lauyar ta ce idan kamannin ya yi yawa ana iya zuwa kotu, sai dai shari'a ce mai tsawo da cin kuɗi, shugaban namu kuma ya san abin da yake yi, bai ɗauki jimla ko ɗaya tawa ba.

Daga nan ta nemi in ba ta kwantiragina. Ta sa yatsa a kan wani layi da ke cewa duk abin da na rubuta wa kamfani mallakar kamfani ne. Ta ce da na karɓi aikin rubuta wannan kashi, da na kwashe kalmomina da hannuna na miƙa musu, kuma ranar da littafina ya fito su ne za su iya cewa na kwaikwayi wasansu. Har yau ban yarda cewa shugaban namu bai san da wannan layin ba lokacin da ya yi mini tayin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Washegari na rubuta masa ta imel cewa ba zan taɓa zangon ba, na kuma haɗa da saƙon da na fara tura masa babukan, da kwanan watansa a jiki. Bai amsa ba. Daga ranar aka daina kira na zaman tsara labari, aka bar ni da gyaran rubutun wasu.

Na yi watanni ban buɗe fayil ɗin littafin ba. Duk sanda na zo buɗewa sai in ji kamar kayan wani zan taɓa. Abin da ya dawo da ni shi ne karanta kashin da aka sa wani yaro ya rubuta a madadina. Yaron ya yi ƙoƙari, amma tsohuwarsu kuka take yi tana yafewa, shi ke nan. Tsohona ba ya kuka. Cewa yake yi a sake karanta masa wasiƙar jiya, don ya ji ko za ta tuna ƙaryar da ta yi. Wannan ba ya cikin tsarin da na tura, domin ni kaina ban san da shi ba sai da na zauna rubutawa. A daren na ci gaba daga inda na tsaya.

Na sa ran gamawa a tsakiyar shekara, sai ga shi a watan jiya na ɗiga aya ta ƙarshe. Ko ba a yi mini abin da aka yi ba, da wuya in cika wa'adin. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayani tun 1979 cewa ɗan Adam yana raina lokacin da aikinsa zai ci, kuma a wani bincike da aka yi a Kanada a 1994, ɗaliban da suka yi hasashen gama kundinsu cikin kwana 34 sun kai kusan kwana 56. Don haka duk wa'adin da ka ɗibar wa littafi, ƙara masa fiye da rabinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka rubuta naka a kwamfutar ofis ko a lokacin aiki. Karanta kwantiragi kafin ka sa hannu, ko da wanda ya miƙo maka yana kiran ka ƙanensa. Duk abin da za ka tura, tura shi ta hanyar da ke barin kwanan wata. Labarin da ba ka gama ba, kada ka nuna wa wanda ke da ikon fitar da shi kafin kai.

Littafin yana hannun mai tacewa yanzu. Zangon nasu zai riga shi fitowa, na kuma san za a sami masu cewa ni na kwaikwaya. Imel ɗin yana nan a ajiye saboda su. Yaron da ya rubuta kashin ya zo mini makon jiya, ya ce ya ga jerin sunayen da za a sa a ƙarshen wasan, babu nasa. Na ce masa ya nemi a sa, kuma ya nema a rubuce.