Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Katin Mma

Makon jiya na tsaya a inda na samu kiyos ɗina na MoMo, wato tura kuɗi da cire su ta waya, a unguwar Aboabo cikin Kumasi, bayan shekara huɗu ina yaron shagon waya a Adum. Yau zan shiga abin da na daɗe ina kewaya masa. Sau biyu ina fara rubutawa ina gogewa. Sai da na je na nemi izinin Mma, ta yi shiru jim, sannan ta ce, "Rubuta, Babana, ko wata uwar za ta tsira." Haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini.

Duk wanda yake Kumasi a 2022 ya san irin wuyar da aka sha. A watan Mayu aka fara cire harajin E-Levy, kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da aka tura ta waya, sai mutane suka riƙa janye kuɗinsu suna komawa hannu da hannu. Ciniki ya ja baya a kiyos. Dala da muka shiga shekara tana sidi shida da 'yan kai, kafin Nuwamba ta doshi sidi 15. A Disamba hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100. Mma koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida tun ina goye, kuma a shekarar ne na fara ganin tana ƙirga ƙosai sau biyu kafin ta zuba wa yaro a leda. Gero ya hau, wake ya hau, mai kuwa ba a magana.

Akwai abu ɗaya da ya riƙa kawo mini jama'a duk da haka. Tun Oktoban 2021 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, in ba haka ba a rufe shi. Tsofaffin unguwarmu ba su iya danna *404# ba, sai su zo wurina. Tsohuwa ta kwance bakin zane, ta warware leda, ta miƙo mini katinta ba tare da ta tambayi komai ba. Ban taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Sun san ubana, sun san a wace makarantar allo na yi karatu. Ku riƙe wannan a ranku, don da wannan yardar ce aka ci mu.

Wani abokina, wanda muka yi allo tare, ya zo kiyos wata ranar Juma'a bayan an sauko. Ba zan kama sunansa ba, shi ma yaudararsa aka yi. Ya ce akwai wani sabon kuɗin kirifto da ba a kai kasuwa ba tukuna, masu shi suna sayar da tokin, wato ƙwayoyin kuɗin, ga mutanen farko a araha. Ya ce, "Ɗan'uwa, kamar ka je Techiman da kaka ka sayi masara ka ajiye zuwa bazara ne. Ranar da aka buɗe kasuwa, sidi ɗayanka ya zama ashirin." Na ce masa ban manta da Menzgold ba, kamfanin nan na zuba jari a zinare, yadda hukuma ta dakatar da su a Satumbar 2018 kuɗin mutane ya maƙale, har da na kawuna. Ya ce ai wannan daban ne, babu ofis balle a sa masa kwaɗo. A lokacin na ɗauki maganar a matsayin kwanciyar hankali. Ban ji abin da ke cikinta ba: inda babu ofis, babu ƙofar da za ka buga.

Ya sa ni cikin wani zaure na Telegram. Akwai shafi mai kyau, da agogo yana ƙirga kwanakin da suka rage, da hotunan wasu Turawa da 'yan Asiya da aka ce su ne shugabanni. Na sayi USDT, kuɗin kirifto mai darajar dala, na sidi 600 na tura. Sai saƙo ya zo cewa ba za a saki tokin ba sai na yi KYC, wato na tabbatar da ni wane ne. Hoton gaban Ghana Card. Hoton bayansa. Hotona riƙe da katin kusa da fuska, da farar takarda da na rubuta kwanan wata a kai. Sai ɗan bidiyo: duba dama, duba hagu, ƙifta ido. Sai lambar waya, da lambar wani na kusa da kai.

Ban ji ɗar ba ko kaɗan, kuma ga dalili. Tun 1 ga Yulin 2022 Bankin Ghana ya ce Ghana Card kaɗai za a karɓa a banki. A ko'ina tambayarsa ake. Hannunmu ya saba da miƙa shi kamar yadda ya saba da miƙa kuɗin trotro, motar haya.

Bayan kwana biyu suka fito da wani tayi. Duk wanda ka kawo ya gama KYC, za a ba shi tokin kyauta, ba sai ya sa ko kwabo ba, kai kuma a ba ka dala biyar. Na gwada da ƙanena. Washegari dala biyar ta shigo, na canza ta, kusan sidi sittin a hannuna. Ranar ban samu haka ba a kiyos tun safe har magariba.

Mutum 27 na yi wa. Ina da sunayensu har yau a bayan littafin da nake rubuta cinikin MoMo. Masu pragya (keken haya mai ƙafa uku), matan da ke sayar da waakye (shinkafa da wake), telan unguwarmu, 'yan mata biyu masu koyon kitso. Ban ɓoye musu komai ba, don ni ma abin da na sani ke nan: kyauta ce, ba ka sa komai ba, me za ka rasa?

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Malaminmu na allo. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, wanda zai biya ka don ya ga fuskata, me zai yi da ita?" Na ce, "Allah gafarta Malam, doka ce kawai, don su san ba mutum ɗaya ke karɓa sau biyu ba." Ya ce, "To. Ni dai bar mini tawa." Na fito ina ganin tsufa ne.

Na Mma na yi shi ne bayan isha'i, a tsakar gida, ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ta gama jiƙa waken gobe, hannunta da danshi, ta goge a zane ta ɗauko katin daga cikin kwanon da take ajiye takardun gida. Manhajar ta ƙi karɓar hoton har sau uku, sai da ta ja mayafinta baya goshinta ya fito. Da aka zo wurin ƙifta ido ta yi ta dariya, ta ce ita da ko a ranar aurenta ba a ɗauke ta hoto haka ba. Na rubuta mata kwanan wata a takarda ta riƙe. A gurbin na kusa na sa lambar Yaya, babbar yayarmu da ke aure a Asawase. Mma ta ce, "In kuɗin ya fito, buhun gero nake so." Wannan dariyar tata ce a cikin hoton.

An ce za a buɗe kasuwa a Disamba. Aka ɗaga zuwa Janairu. Wata safiya na duba, zauren Telegram babu shi, shafin ba ya buɗewa. Abokina ya zo idonsa ja, shi ya sa kuɗin da yake tarawa na aure. Ni kuwa na zauna na yi lissafi. Na rasa sidi 600, amma sun biya ni na mutum 19 kafin su daina, dala 95, wanda ya haura sidi dubu. Na ga ban faɗi ba. Na yi hamdala na rufe littafi.

Wannan lissafin ya kamata ya hana ni barci. Ɓarawon da ya ba ka fiye da abin da ya karɓa a hannunka, ba kuɗinka ya zo ɗauka ba.

Cikin azumin 2023, ana saura kaɗan a sha ruwa, Yaya ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Kai, me ka yi da hoton Mma?" Ta turo mini a WhatsApp. Mma ce, mayafi a baya, tana dariya, katinta kusa da kumatu. An goge takardar da ke hannunta. A saman hoton an rubuta da jan rubutu, da Turanci, cewa ɓarauniya ce ana nemanta, ta ci bashi ta gudu. Masu turowar sun ce wata manhajar ba da rance ce, an karɓi sidi 800 da sunanta, da ruwa ya zama 2,300, in ba a biya ba kafin gobe za su watsa hoton a Facebook. Na kira lambar. Wani yaro da bai kai ƙanena ba ya zagi uwata da bakin da ba zan iya rubutawa ba. Ban iya shan ruwa ba ranar, dabino ɗaya na sa a baki don sunna.

Daga baya na zauna na fahimci yadda abin yake, kuma ina so ku fahimta, don ba sihiri ba ne. Manhajojin rance da yawa, da manyan kasuwannin kirifto na gaskiya, ba sa ganin mutum ido da ido. Abin da suke nema shi ne daidai abin da muka bayar: gaban kati, bayan kati, hoton mutum riƙe da shi, wani lokaci da bidiyon motsin fuska. Wanda ya mallaki waɗannan ya mallaki mabuɗin zama kai a duk inda ba a duba ɗan yatsa. Mai son cin bashi ya gudu yana bukatarsu. Mai kuɗin sata da yake neman asusun da zai bi da su ba da sunansa ba, shi ma yana bukatarsu, kuma in bincike ya tashi, sunan da ke kan asusun za a bi. Shi ya sa ake sayar da su a intanet kamar kowace haja. Ka sayar da buhun masara sau ɗaya ya bar hannunka. Hoto kuwa a sayar wa mutum goma, yana nan a hannun mai sayarwa.

Na kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa da dokar 2020. Sun saurare ni, sun ce kada mu biya, mu adana duk saƙonnin, mu kai rahoto wurin 'yan sanda. Mun kai. Na tafi ofishin masu yin katin da tunanin a soke na Mma a ba ta sabo. Ma'aikaciyar ta yi mini bayani a hankali: kati in ya ɓace ana sake shi, amma lambar da ta fara da GHA ta mutum ce har ya mutu. Na tsaya a bakin ofishin ina juya maganar. Lambar sirrin MoMo in ta fita, minti biyu ka canza ta. Sunan Mma, ranar haihuwarta, lambarta, fuskarta, wanne za a canza? Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, amma wa zan kai ƙara? Hotunan shugabannin nan ban san ko mutane ne masu rai ba.

A watan Mayu aka fito da *402*1# don mutum ya ga layuka nawa ke kan katinsa. Na duba na Mma, layinta ɗaya ne, na yi ajiyar zuciya. A Yuli muka ji a rediyo an kama fiye da mutum 400 a Accra kan manhajojin rance marasa lasisi. Kiran ya tsaya a wajen lokacin. Amma ɗaya daga cikin masu pragya da na yi wa ya je buɗe asusu a wata kasuwar kirifto ta gaskiya, aka ce masa ai akwai asusu da katinsa tuni. Bai taɓa buɗewa ba. Har yau bai san me ke shiga da fita da sunansa ba.

Na tsallake daren da na gaya wa Mma, bari in koma. Yaya ta so mu ɓoye mata. Na ƙi, don gara ta ji a bakina da ta ji a bakin mai sayen koko. Bayan tarawihi na same ta tana tace gasara. Na durƙusa na nuna mata wayar. Ba ta karanta Turanci, sai ta ce, "Me suka rubuta a kaina?" Na faɗa mata. Ta ce, "Nawa?" Na ce 2,300. Mma har yau da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin 2007. Ta ce, "Miliyan ashirin da uku." Ta maimaita. Ta ce shekara talatin da wani abu tana soya ƙosai a ƙofar nan, ba ta taɓa kwana da bashin mai wake ba.

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta wanke hannu, ta ɗauko kwanon takardu, ta fito da katin ta daɗe tana kallonsa, ta naɗe shi a leda ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta ce, "Mu nawa ka yi wa?"

Na ce, "Ashirin da bakwai, Mma, har da ke."

Ta ce, "Gobe in ka yi asuba kada ka buɗe kiyos. Ka bi su gida-gida ka gaya musu da bakinka. Ka fara da gidan tela, matarsa na da ciki, kada ta gani a waya."

Abin da na tarar a gidan tela, da wadda ta rufe mini ƙofa a Sawaba, da ranar da na koma zauren Malam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.